HAUKAN KARE: SHAIDA TANA CIKIN ƘWAƘWALWA

Jama'a, idan mahaukacin kare ya ciji mutum, a Sabon Tasha ko Kafanchan ko wani gari, akan taru a kashe shi, a fasa kansa, a jefar. Wannan kuskure ne babba, domin ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwa take taruwa, kuma da ƙwaƙwalwar ne masana ke tabbatar da ita a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924.

Tun 1903 wani likitan Italiya, Adelchi Negri, ya gano alamun cutar a ƙwaƙwalwa da madubin likita. Daga baya aka sami gwajin da ke sa ƙwayar ta yi ƙyalli a ƙarƙashin madubi. To, amma wannan gwaji yana son ƙwaƙwalwa ɗanya, ga shi kuwa zafin ƙasarmu ba ya barin nama ya daɗe.

Hanyar da ake kira RT-PCR ta rage wannan wahala. Akan yanki ɗan guntu daga tushen ƙwaƙwalwa a niƙa, a tace sinadarin gadon ƙwayar, wato RNA, a juya shi zuwa DNA. Sa'an nan na'ura ta yi ta ɗumama shi tana sanyayawa, kowane zagaye yana ninka shi biyu. A zagaye 30, ɗaya yakan iya zama fiye da biliyan guda, har a gane shi sarai. Ƙwaƙwalwar da aka adana cikin ƙanƙara ko ruwan gilisarin da gishiri ta fi ba da sakamako mai kyau. Ruwan famalin yana kakkarya sinadarin, saboda haka gajerun guntaye kawai ake nema a ciki. Ko wadda ta soma ruɓewa, sau da yawa akan dace.

Saboda haka kada a fasa kan karen, kada a feɗe shi, kada a taɓa shi da hannu tsirara. A kira likitan dabbobi. Wanda aka ciza kuwa, a wanke masa ciwon da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya da shi asibiti a soma allura, ba sai an jira sakamakon gwaji ba. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da ƙyar ake tashi. Rigakafi ya fi magani: kowa ya kai karensa a yi masa allura.