'Yan'uwa Ma'aikatan Lafiya, Mu Rage Faɗa

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, 'yan'uwana ma'aikatan asibiti mazauna Sabo, ina gaishe ku.

Zan fara da laifin kaina. Na yi shekaru ina yi wa masu hawan jini faɗa: Alhaji rage gishiri, Alhaji bar taba. Sai ya ce "to", ya tafi, shi ke nan ba ya dawowa. Ku duba fa, mutumin nan ya baro likitan da ba ya jin Hausa ya zo wurinmu, mu kuma muka tare shi da wa'azi.

A kwas ɗin ƙaro ilimi da na je, an koya mana hanyar da wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, William Miller, ya fito da ita a 1983 wajen taimakon mashaya giya. Kada ka ba majiyyaci dalilin canzawa, ka tambaye shi har ya faɗi nasa da bakinsa. "Alhaji, me taba take yi maka, me kuma take hana ka?" Sai ka yi shiru. Ka maimaita masa abin da ya ce. Kafin ka ba da shawara, nemi izininsa.

Wallahi shirun nan ya fi yin allura wuya. Kuma kwas na kwana biyu bai isa ba. Binciken Miller ɗin ya nuna cewa in ba mai bin ka yana gyara maka, sai ka koma gidan jiya. Don haka ina roƙon ƙungiya ta ara mana ɗakin taro sau ɗaya a wata, wannan ya zama majiyyaci, wannan nas, mu riƙa gwadawa.