Tarin jarirai da ruwan gishiri: jawabin da anka yi wurin taron ƙungiyar Afala

Mu malaman lakwal ne, ba likitoci ba. Ƙungiya ta ɗora muna nauyin karanta takardun da ke akwai cikin Faransanci bisa wata cuta ta jarirai, mu maido muku da su cikin Hausa.

Likitoci suna ce ma cutar bronshiyolit. Ku duba icen gao: gindi guda, ya rabu rassa, rassa su rabu ƙanana har su kai siririn tsinke. Haka hanyoyin iska suke cikin huhu. Cutar wagga ƙananan rassan can na ƙarshe take kamawa, su kumbura, majina ta cika su. Babba ba shi damuwa, mura ce gare shi ta kwana kaɗan. Jinjiri kuwa hanyoyinai ƙanana ne ƙwarai, kumburi kaɗan ya isa ya toshe su. Shi ya sa ta hi kama ɗiya ƴan ƙasa ga shekara 2, ta hi muni ga waɗanda ba su kai wata 6 ba. Mahi yawan lokaci wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, sunanta VRS, wadda anka gano a 1956. Lissahin 2019 ya nuna ta kashe yara ƴan ƙasa ga shekara 5 sama da 100,000 a duniya, kusan duka a ƙasashe matalauta irin tamu. Mu nan mun saba ɗora laihin tari bisa ɗari da ƙurar hunturu, amma a Gambiya masu bincike sun iske VRS ta hi yawa da damina. Kar mu sake da ita don iska ta kwanta.

Tana farawa kamar mura: majina, tari, ɗan zahin jiki. Tsakanin kwana na 3 da na 5 take tsananta, numfashi ya yi sauri, a ji ƙirji shina shewa. Daga nan ta soma sauka, amma tarin shina iya kai sati 3. Yara mahi yawa suna warkewa gida.

To, ga maganar ruwan gishiri, wadda ita ta tara mu. Iri biyu ne, kuma mutane suna gama su wuri guda.

Na farko shi ne wanda ake turara ma yaro asibiti. Waɗanda sunka yi jinya Tawa ko Yamai sun san shi: ana aza ma yaro wani ɗan murhi bisa hanci da baki, inji shina maida ruwa kamar hazo, yaro shina shaƙa. Ruwan da ake sawa don cutar wagga gishirinai 3 cikin 100 ne, kusa da ruwan teku. Dabarar ita ce gishiri ya jawo ruwa cikin hanyoyin iska, majina ta yi laushi ta hita. Da anka tara binciken farko a 2008, an ga kamar shina rage kwanan asibiti da kusan kwana guda, likitoci sunka yi murna. Da anka sake gwadawa bisa yara masu yawa, amfanin ya ragu ƙwarai, wasu binciken ma ba su ga komi ba. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ana iya gwada shi ga yaron da anka kwantar kaɗai. Ingila a 2015 ta ce a bari. Faransa a 2019 ita ma ba ta goyi bayansa ba, ta kuma janye daga matsar ƙirjin nan da anka daɗe ana yi ma jarirai can. Abin da muke so ku riƙe: in likita bai turara ma ɗanku ba, ba rowa ya yi muku ba. In kuma ya turara, shi ya san dalili, kuma shina tsaye kusa, don ruwan shina iya ƙara shaƙe yaro. Ƴan uwanmu da ke bida Abija ko Libiya kar su ɓata kuɗi su aiko da injin don a yi gida.

Na biyu shi ne namu, na wanke hanci. Gishirinai giram 9 ne cikin litar ruwa, daidai da na jikin mutum. Farmasi suna sai da shi cikin ƴan ƙananan robobi, serom hizyolojik. Jinjiri da hanci yake numfashi. In hanci ya toshe ba shi iya shan nono, in bai sha ba ƙarhi ya ƙare. Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta kwantar da yaro bisa gehe, ta matsa ruwan cikin ƙofar hancin da ke sama, majina ta hito ta ƙasa ko ya haɗiye ta, ba komi. Ta juya shi, ta yi ma ɗayan. Za shi yi kuka, kukan ba ciwo ba ne. A yi kahin shan nono da kahin kwana. Kar a haɗa ruwan da ido, da gishirin miya ko kanwa da ruwan rijiya. Kuma kar a ɗiga man shanu cikin hanci, mai in ya sauka huhu wata cuta ce daban.

Sauran jinyar ba ta son kuɗi. Nono kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Kwana bisa baya, kar a lulluɓe huska. A hidda yaro daga hayaƙi, na kara da na taba da na turare. Uwar da ke girki ta ba wani goyon. Mai mura kar ya sumbaci jinjiri, ko ranar suna ce. Ɗiyanmu na lakwal su ke kai mura gida, don haka muke koya musu wanke hannu kahin su ɗauki ƙannensu. Zuma ba ta kamata ga wanda bai cika shekara ba. Maganin tari na ƴan tebur da na masu yawo da tire ranar kasuwa, a bar shi. Da girmamawa ga wanzamanmu, cire beli ba shi taɓa wagga cuta, tana can ƙasa cikin huhu, yaro kuma ya ƙara da zubar jini da kasa shan nono.

Yanzu wurin da rai ke ciki. Ku ɗauki agogo ko salula, yaro shina kwance lahiya ba kuka, ku ƙirga numfashinai minti guda cikakke. Ƙa'idar hukumar lahiya ta duniya, OMS, ita ce: ƙasa ga wata 2, 60 ko hiye sauri ne, wata 2 zuwa shekara guda, 50, shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, sai gidan likita ranar nan. In ƙasan ƙirji shina lotsawa ciki lokacin jan iska, ko shina nishi, ko numfashi shina tsayawa, ko harshe da cikin leɓe sun yi shuɗi, ko bai sha rabin abin da ya saba ba, ko ya wuni bai yi hitsari ba, ko ya yi laushi ba a iya tada shi, ba jiran sahiya, ba jiran mai gida ya dawo daga daji. Bakwaini da jinjirin da bai kai wata 2 ba, ko zahin jiki kaɗai ya isa a tahi.

Antibiyotik ba shi kashe VRS. Amma gida ba mu iya rarrabe wagga cuta da limoniya ko masassarar sauro. In ma'aikacin lahiya ya auna ya ba da amoksisilin, a sha har ƙarshe. In ya rubuta takarda zuwa babban asibitin Tawa, galibi don iskar oksijan ne, da ciyarwa ta siririn tiyo ta hanci. Su ke riƙe yaro har cutar ta wuce. A 2006 gwamnati ta sa maganin yara ƴan ƙasa ga shekara 5 kyauta, amma kuɗin mota da na abinci bisa iyaye suke, kuma nan ne mutane ke jinkiri. Muna roƙon ƙungiya ta ware wani abu cikin asusunta don motar dare, a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu riƙon kuɗin, a sanar da sunansu kowace unguwa kahin taro mai zuwa.