Ina Manyan Kifayen Kainji Suka Tafi? Jawabi Ga Fataken Kifi Na Agege



Wataƙila wani zai ce, me ya kawo zancen tafkin da ke can tsakanin Jihar Neja da Jihar Kebbi a gaban mutanen Ikko, waɗanda ga teku nan a bakin ƙofarsu? Dalili shi ne, bandar da ake saukewa daga motoci a Agege da Mil 12 ba daga teku take fitowa ba. Kifin ruwan daɗi ne, na Yawuri da Malale da sauran kasuwannin bakin Tafkin Kainji, da kuma na Baga a Tafkin Cadi. 'Yan'uwanmu ne suke kama shi, ku kuke fataucinsa, kuɗinku ne kuma yake komawa can ya sayi koma da jirgi. Saboda haka abin da ya sami tafkin nan ya same ku, kuma akwai hannunku a cikin gyaransa.

Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san cewa kwandon yau ba irin na da ba ne. A da, giwan ruwa guda sai an yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ya hau kan banda. Yau abin da ya fi yawa a kwando shi ne 'yan ƙanana waɗanda ake lanƙwasawa a soke da tsinke, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Bari mu bi labarin tun daga tushe.

An gama datse Kogin Kwara a Kainji a cikin shekarar 1968, aka kuma yi bikin buɗe madatsar a watan Fabrairu na 1969, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Don samar da wutar lantarki aka yi aikin. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon kilomita kamar 136, faɗin fuskarsa kuwa wajen murabba'in kilomita 1,270. Ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, har sai da aka tashi mutane kamar 44,000 aka sake musu mazauni. Daga nan ne aka sami Sabuwar Busa.

Da ruwa ya hau kan gonaki da dazuzzuka, sai ciyawa da ganyaye suka ruɓe a cikinsa suka zama taki, abincin kifi ya yalwata. Faliya ta yi yawa ƙwarai, haka karfasa da kurungu da tsage, giwan ruwa kuma ya sami abin farauta ya yi ƙiba. Labari ya bazu. Sarkawa da Kabawa da Gungawa da ke wurin tun asali suka sami baƙi daga ko'ina, har daga Kudu da ƙasashen maƙwabta. A shekarar 1971 an ƙiyasta kifin da aka kama a tafkin ya haura tan 28,000. Zuwa 1978 abin ya faɗi zuwa tan 4,500 kacal.

Gaskiya ita ce ba dukan wannan faɗuwa ce laifin masunta ba. Kowane sabon tafki haka yake yi: takin farko yakan ƙare, sa'an nan yawan kifi ya sauka ya tsaya a kan abin da ruwan zai iya ciyarwa. Masana sun san da haka tun kafin a rufe madatsar. Amma abin da ya biyo baya, wannan kam aikin ɗan Adam ne. Da kamu ya ragu, ba a rage jirage ba. Sai kowane masunci ya ajiye kallinsa mai manyan idanu ya sayi mai ƙananan idanu, domin ya cika jirginsa kamar jiya. Shekara ta zagayo, wannan ma ya daina cika jirgi, aka sake ƙanƙanta ido. Kowa yana ganin in bai kama ba maƙwabcinsa zai kama, kuma a nan kowa yana da gaskiya, shi ya sa wa'azi kaɗai bai taɓa maganin abin ba.

Yanzu sai mu dubi shi giwan ruwa, don shi ne ya fi kowane kifi jin jiki a wannan hali. Kifi ne wanda in aka bar shi yakan kusa mita 2 a tsawo, nauyinsa ya wuce kilo 100. Amma ba ya fara haihuwa da wuri. Sai ya yi shekara kamar 3, tsawonsa ya haura rabin mita, sa'an nan ya balaga, macen ma ta fi namijin jinkiri. Kuma gwargwadon girman uwa, gwargwadon yawan ƙwanta: babbar mace guda tana zuba ƙwai miliyoyi. To, ku duba. Wanda ya kama ɗan giwan ruwa mai tsawon tafin hannu ya yi hasara biyu. Ya sayar da abin da zai zama kilo da yawa a kan kuɗin loma guda, kana ya kashe uwar da ba ta taɓa haihuwa ba. Makiyayin da yake yanka 'yan maruƙa kowace rana, ba sai an kira malami ya faɗa masa ranar da garkensa zai ƙare ba. Bambancin kawai shi ne makiyayi yana ganin shanunsa da ido yana ƙirgawa, masunci kuwa ruwa ya rufe masa nasa garken, sai ranar da ya jawo koma wayam yake sani.

Karfasa takan jure wannan matsi fiye da giwan ruwa, domin tana balaga da wuri. In aka takura mata ma sai ta riƙa haihuwa tana ƙarama. Shi ya sa za ku ga tafki bai rasa kifi ba, amma manyan sun ɓace, an bar tarkace. Nauyin kwando yana nan, darajarsa ce ta tafi.

Babbar musibar da ta fi kowacce ita ce komar da masuntan Kainji suke kira dala. Doguwar koma ce da ake zagaya ruwa da ita a jirgi, sa'an nan a taru a jawo ta zuwa gaɓa, idanunta kuwa kamar na gidan sauro. Don kama warangi aka kawo ta, watau 'yan mitsi-mitsin kifayen nan farare da ake shanyawa a rana, waɗanda kuke sayarwa da mudu. Kama warangi ba laifi ba ne, halittarsa ke nan, ba ya girma ya wuce haka. Amma dala ba ta tambayar sunan kifi. A bakin gaɓa ake jan ta, inda ruwa ba zurfi, nan ne kuwa renon 'ya'yan faliya da karfasa da giwan ruwa yake. Tana kwashe su duka, tana kuma share ramukan da karfasa take haƙawa don ƙwanta. Bugu da ƙari, shi warangin nan shi ne abincin ɗan giwan ruwa da tsage. Wanda ya tsira daga koma sai ya tarar an kwashe masa tuwo.

Akwai kuma masu zuba guba. Kakanninmu sun san magimfa, amma a ɗan kududdufi suke sa ta. Na baya suka koma ga Gamalin 20, maganin ƙwarin koko, wanda yake kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya kuma bi naman kifin zuwa cikin wanda ya ci. Tun da na ambaci wannan, bari in ɗan ratse: masu fesa maganin ƙwari irin su Sniper a kan banda don hana ta tsutsa, ku ji tsoron Allah. 'Ya'yanku ma daga miyar nan suke ci.

Hukuma ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Tun 1968 aka kafa aikin binciken tafkin a Sabuwar Busa, wanda daga baya ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa. A shekarar 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka ta 108 a kan kamun kifi a koguna da tafkuna, wadda ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma ƙayyade idon koma. A 1993 aka soma wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don kyautata su a Kainji. Ma'aikatansa suka bi ƙauyuka suna ƙirga jirage da komaye, suna auna kamu. Lissafinsu ya nuna a 1996 an kama tan kamar 38,000, har ya zarce na 1971. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ai tafki ya warke, alhali kuwa babban kaso na wannan nauyi warangi ne da abin da dala ta haɗo da shi. Jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokinsu, aka ce idon kalli kada ya kasa inci 3, aka shigo da lasin su, aka kuma sa sarakunan gargajiya da Sarakunan Ruwa a cikin aikin, domin an gane ma'aikaci daga ofis ba zai iya tsare gaɓa mai tsawon haka ba. A 1999 aka hana dala. A wannan shekara kamu ya sauka zuwa tan kamar 16,000, wani ɓangare na raguwar kuwa saboda hanin ne kansa. Abin baƙin ciki, bayan aikin ya ƙare, sa ido ya yi sanyi, dala ta sake fitowa a wurare da dama.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A Tafkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka haɗa, an zuba giwan ruwa a shekarun 1950, ya yi yawa a shekarun 1980 har aka gina masana'antu ana kai namansa Turai a jirgin sama. Su ma suka bi hanyar ƙanƙanta koma, manya suka yi wuya, masana'antu da yawa suka rufe. Sai da aka yi doka kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba, a 2017 kuma Uganda ta kai ga sa soja a kan ruwa. Allah ya kiyashe mu da kaiwa nan.

Amma misalin da ya fi dacewa da mu yana gida. Kowa a nan ya san bikin su na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Matan Fada kuwa ɗan rafi ne in aka gwada shi da Kainji. Me ya sa ake samun irin wannan a cikinsa? Domin a rufe yake, ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaro, jama'a kuma suna jin kunyar ketare haddi. Ashe hutar da ruwa ba dabarar Turawa ba ce, gadonmu ne. A Kainji ma lokacin a bayyane yake. Ruwa biyu ne suke shiga tafkin: farin ruwa na daminarmu, wanda yake zuwa wajen Agusta, da baƙin ruwa wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da hunturu. Sa'ad da ruwa ya hau ya rufe ciyawar gaɓa, yawancin kifaye suke shiga su hayayyafa. Wannan wuri, a wannan lokaci, shi ya kamata a bar musu.

To, ina naku a ciki, ya ku fatake? Masunci ba ya kama abin da ba a saye. Da yawa daga cikinsu ma ba su da jarin kansu. Uban gida ne, a Yawuri ko a nan Ikko, yake ba da kuɗin koma da inji kafin kaka, a biya shi da kifi. Wanda ya ba da kuɗin koma yana da ikon faɗin irin komar da za a saya. In shugabannin 'yan kifi na Agege da Mil 12 da sauran kasuwanni suka haɗa baki da dillalan Yawuri da Malale cewa ba za su ba da bashi a kan dala ba, ba kuma za su karɓi kwandon da aka cakuɗa warangi da 'ya'yan faliya da na giwan ruwa ba, maganar za ta isa bakin ruwa kafin takardar kowace hukuma. Na san akwai mai cewa, in na ƙi wani zai saya. Haka ne. Shi ya sa nake magana da ƙungiya, ba da mutum ɗaya ba, kuma ƙungiyar da take iya tsayar da kuɗin la'ada da kuɗin sauke kaya, tana iya tsayar da wannan.

Ban ɓoye muku ba, shekara ɗaya ko biyu na farko kaya zai yi ƙaranci, masuncin da aka raba da dala kuma yana bukatar abin da zai ci kafin ruwa ya farfaɗo. Nan ne wajibin hukuma yake, ta fuskar rance da noman rani a gaɓar da ruwa yake janyewa da kiwon tarwaɗa a kududdufi. Amma ku tuna kun riga kun ɗanɗana rashin kaya. Da rikicin Boko Haram ya rufe hanyar Baga, kun ga yadda banda ta yi tsada, masu saye suka koma ga kifin ƙanƙara da ake shigo da shi daga ƙasashen waje. Mai sayen da ya saba da titus da panla ba lalle ne ya dawo ba.

Ga wanda zai aika da kuɗin koma bana, ga yadda ake auna ido: a kama ƙulli guda, a ja idon ya miƙe ya rufe, a auna daga wannan ƙulli zuwa wanda yake fuskantarsa. In bai kai inci 3 ba, watau milimita 76, wannan kalli ya saɓa wa doka. Awon tela ya isa yin wannan aiki. Mai neman ƙarin bayani a kan lasin sai ya tuntuɓi Sarkin Ruwan ƙauyen da yaransa suke su, ko ofishin kula da kifi na jiharsu.

Allah ya ba da kasuwa.