Jawabin Yaye Ɗaliban Ajin Manya na Sokode da Dapaong

 

Masu martaba sarakunan Kotokoli da na Zango, limamai da malamai, iyayenmu mata, shugabannin direbobi da na 'yan dako, wakilan kamfanin sufuri da suka taso daga Lome, da baƙinmu na Dapaong da suka kwana a hanya, barkanmu da ganin wannan rana.

Waɗanda za a miƙa wa takardar shaida yau ba yara ba ne. A cikinsu akwai mai furfura, akwai wadda ta aurar da 'ya'ya, akwai yaron mota da ya girma a bayan tirela. Da rana suna neman abin kai wa bakin salati, da dare suna kan benci suna koyon karatu da lissafi da Faransancin takardun kaya. Kafin su kammala, kamfanin da ke shirin sa na'urori a mangazunsa ya zo ya zauna da su, yana tambaya suna ba shi amsa. Wannan zaman shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar ƙasa ta ɗaya a nan Sokode, kimanin kilomita 340 daga Lome, ya san nauyin da ke bi ta gabansa. Manyan motoci na tasowa daga tashar jiragen ruwa, su ratsa Atakpame, su wuce nan, su haura duwatsun Aledjo, su bi Kara da Mango da Dapaong har Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso. Tashar Lome mai zurfin sama da mita 16 ta samu sabon filin kwantena a 2014. A watan Yunin 2021 aka buɗe yankin masana'antu na Adetikope, kilomita 27 arewa da Lome, mai faɗin hekta 400, da tashar tudu da wurin ajiye manyan motoci. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kayan 'yan kasuwar Yamai da Maraɗi da yawa sun karkato ta wannan hanya.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne ga garin. Ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun yi ta sauka a ƙasar Kotokoli da Sansanin Mango tun kafin Jamusawa su iso. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana kuma da malamin ayari mai riƙe da alƙalami da lissafi. Ɗaliban nan gadon wannan malami suka ɗauka, sai dai allonsu ya zama fuskar waya.

Idan aka ce na'ura za ta shiga mangaza, hankalin mutane kan tafi ga abin da suke gani a bidiyo daga Amurka. Kamfanin Amazon ya sayi Kiva Systems a 2012 kan dala miliyan 775, kuma a 2025 ya ba da sanarwar cewa mutum-mutuminsa masu ɗaukar kaya sun kai miliyan ɗaya. Amma waɗancan suna yawo ne a daɓe mai santsi, cikin gini marar ƙura, da wutar da ba ta ɗaukewa, suna ɗauke da kwalaye masu girma iri ɗaya. Mangazar Sokode buhunan waken suya da masara da kashu take karɓa, ta Dapaong kuma dawa da gyaɗa da ƙwarar kaɗe. Abin da ya kamata a fara da shi ya fi wannan sauƙi: sikeli mai haɗe da kwamfuta, lamba mai layi-layi a jikin kowane buhu, irin wadda aka fara karantawa da na'ura a wani kanti a jihar Ohio tun 1974, sai motar ɗaga kaya, sai rajista guda da Lome da Dapaong za su gani a lokaci ɗaya. Tun 2018 kwamfutocin duwan na Togo da na Burkina ke musayar bayanan kaya. Bai dace a ce mangazar da ke tsakaninsu tana nan da littafi mai yagaggen bango ba.

To, a nan ne ɗaliban suka nuna abin da suka sani. Sun gaya wa injiniyoyin kamfanin cewa takardar lamba da aka manna a jikin buhu ba ta kai Kara: igiya ta goge ta, ƙurar hunturu ta rufe ta, ko gumin wuyan mai dako ya jiƙa ta. Gara a ɗinke ta a bakin buhu, inda hannu ba ya kamawa. Sun ce waken da aka auna da ɗanyen kaka yana rage nauyi idan iska ta busar da shi, kuma idan ba a gaya wa kwamfuta haka ba, za ta nuna giɓi, a kama mai gadi da laifin satar da bai yi ba. Matan cikinsu, masu sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, sun tuna wa kamfanin cewa manomi da kwano yake awo, ba da kilo ba, kuma cikar kwanon wani gari ba ita ce ta wani ba. Sun kuma nuna cewa masu kaya da yawa sunansu ɗaya, shi ya sa ɗan dako ke gane buhu da alamar fenti, ja ko shuɗi, gicciye ko da'ira. Rajistar da ta ɗauki suna ta bar alama za ta haɗa 'yan kasuwa faɗa.

Sai maganar wuta da layin waya. Sun nemi na'urar da za ta ci gaba da rubutawa ko intanet ya yanke, ta aika bayani idan ya dawo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a takardar da mai sayar da na'ura ke kawowa. Shekarun dako da awo ne suka koyar da su, karatun dare kuma ya ba su damar rubuta su a jere, su sa hannu da sunansu.

Akwai tsoro a zukatan mutane, kuma tsoron yana da dalili. Tun da aka fara jigilar kwantena a 1956, tashoshin jiragen ruwa na duniya suka rage leburori da yawa. Motar ɗaga kaya guda tana yin aikin majiya ƙarfi da dama, kuma kowannensu akwai tukunyar da ke jiran dawowarsa da yamma. Abin ya fi tsanani a yankin Savanes da Dapaong ke ciki, inda aka sa dokar ta-ɓaci ta tsaro a Yunin 2022. Matashin Dapaong da ya rasa aikin lodi ba ƙaramar asara ba ce ga gidansu, da ma ƙasa baki ɗaya.

Saboda haka roƙon wannan taro ga kamfanin a fili yake. Direban motar ɗaga kaya, da mai kula da sikeli, da mai riƙe da rajista, a fara neman su cikin waɗanda suka daɗe a bakin mangazar. A sa kuɗin koyar da su cikin kasafin sayen na'ura, a rubuce, ba alkawarin baki ba. A ba mata kujera a ofishin awo, tun da su ne suka fi kowa sanin hatsi. Hukumomin ilimi na gundumomin Tchaoudjo da Tone kuma su taimaka a buɗe ajin gaba kafin ɗokin jama'a ya huce, attajiran Zango su ɗauki nauyin fitila da benci da alawus ɗin malamai.

Ku kuma ɗalibai, kowa ya koma unguwarsu ya riƙo hannun mutum ɗaya ya kawo shi aji. Allah ya sa albarka a wannan karatu, ya saka wa malamanku da alheri, ya mai da baƙinmu na Dapaong gida lafiya.