Maki Ɗaya ga Ɗalibai Takwas

Shugaban taro, shugabannin sassa, 'yan'uwana malamai da ɗalibai.

Amfanin koyar da ɗaliban fannonin lafiya tare ba abin jayayya ba ne, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarinta a kai. Saɓanina da ku a kan maki yake. Mukan haɗa ɗalibin gashin ƙashi da na jinya da na ɗakin gwaje-gwaje, mu ba su mai shanyewar ɓarin jiki su bi lamarinsa, su kawo rahoto, sannan mu rubuta wa kowa maki iri ɗaya. Rahoton muka auna. Ɗaliban kuwa ba mu auna ko ɗaya ba.

A 1913 wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya buga sakamakon gwajinsa na jan igiya. Da mutum takwas suka ja tare, ƙarfin kowannensu ya sauka zuwa kusan rabin abin da yake bayarwa shi kaɗai. Aka ce ai rashin haɗa hannu lokaci guda ne. To a 1974 Alan Ingham da abokan aikinsa suka rufe wa mutane ido, suka sa su zaci akwai masu ja a bayansu alhali babu kowa, kuma duk da haka suka sassauta. Wato muddin mutum ya san ba za a gane rabonsa ba, zai rage himma, ko da ba malalaci ba ne. Mu kuma da hannunmu muke ɗaura wa ɗalibai wannan igiya kowane zangon karatu. Mutum biyu su kwana a ɗakin marasa lafiya, sauran su biya kuɗin buga rahoto, kowa ya tashi da maki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne hukumomin rajista ba sa ba rukuni lasisi, mutum ɗaya suke ba. Ranar da aka tura wanda ya ɓuya a bayan abokansa wani asibitin karkara, shi kaɗai zai tsaya a gaban majinyaci.

Na san za a ce ɗalibai sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Minti goma na tambayar baki ga kowane ɗalibi bai fi ƙarfinmu ba. Za a kuma ce in aka sa ɗalibai su auna juna, kara da kunya ba za su bar ɗalibi ya rage wa abokinsa maki ba. Sai a karɓi ra'ayinsu a asirce, a gwada da abin da mai kula da su a asibiti ya gani.

Shawarata ita ce: kada makin rukuni ya wuce kashi 40 cikin 100. Sauran a raba tsakanin tambayar baki da littafin aiki da mai kula ya sa wa hannu rana-rana. Wanda ya faɗi a nasa ɓangaren ya maimaita, komai kyan rahoton rukuninsa. Ina roƙon majalisar tsangaya ta sa wannan a zamanta na gaba.