Jawabin Bikin Yaye Ma'aikatan Zaɓe: Haƙƙin Mai Tsaron Rumfa



Tun daga 2021 Nijeriya tana da rumfunan zaɓe 176,846, kuma kowace rumfa tana buƙatar jami'i ɗaya da mataimaka uku. Mutum sama da dubu 700 ke nan, ban da masu sa ido da masu tattara sakamako. Galibinsu ma'aikatan wucin gadi ne: masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban manyan makarantu. Maganata guda ce. Alawus ɗin waɗannan bayin Allah ya kamata ya ƙaru, a biya shi kan lokaci, domin a sami masu zuwa, kuma wanda ya ƙware ya sake dawowa.

Mu dubi aikin tukuna. Jami'in rumfa yakan kwana a kan tabarma a ajin wata firamare, yana jiran rabon kaya da asuba. Ya wuni a rana yana tantance jama'a da na'urar BVAS, ya ƙirga ƙuri'u a gaban wakilan jam'iyyu da kowannensu ke harararsa, ya cike takardar sakamako, wani lokacin da fitilar waya, sannan ya raka ta cibiyar tattarawa cikin dare. A 2019 an ɗage zaɓen 16 ga Fabrairu sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna, bayan da yawansu sun riga sun kwana a bakin aiki. Iyaye kuwa ba su manta da masu hidimar ƙasa da aka kashe a Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011 ba. Uwar da ta tuna wannan, da wane kuɗi za a shawo kanta ta bar ɗanta ya je?

Ga kuma tsadar rayuwa. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka fiye da sau uku, kuɗin mota ya bi shi. Gwamnati da kanta ta yarda da haka, ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, alawus ɗin hidimar ƙasa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000. Hujjar da ta ɗaga waɗancan ita ce ta wajabta ɗaga alawus ɗin ma'aikatan zaɓe, har ma a hukumomin zaɓe na jihohi masu gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 768, waɗanda ba a cika tunawa da ma'aikatansu ba.

Za a ce babu kuɗi, tunda naira 1,000 kacal a kan mutum dubu 700 ta kai miliyan 700. Gaskiya ne, lissafin yana da nauyi. Amma a ɗora shi a sikeli da kuɗin sake zaɓe inda aka soke, da kuɗin horar da sababbi kowane zango saboda tsofaffin sun gudu. Na'ura mai tsada a hannun wanda jiya ya fara taɓa ta, asara ce ake jira. Wasu kuma su ce ai kishin ƙasa ne. To, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai buga takardun ƙuri'a ma ɗan ƙasa ne, kuma ba a ce ya yafe kuɗinsa ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne ƙarin kuɗi ba ya shiryar da maciyin amana. Na yarda. Wanda ya zo da niyyar sayar da sakamako, hukuncin Dokar Zaɓe ne maganinsa. Sai dai akasarin matasan nan ba da wannan niyya suke zuwa ba, yunwa da rashin kuɗin komawa gida ne ke sa abincin da ɗan siyasa ya aiko ya zama tarko.

Ina kira ga majalisa da hukumomin zaɓe su sa ƙarin a kasafi tun yanzu, a ba da kuɗin mota kafin ranar aiki, a fifita wanda ya taɓa yi da ƙarin lada. Ku kuma da ake yayewa, Allah Ya ba ku ikon riƙe amana. Mai girma shugaban taro, bismillah, a miƙa musu takardun shaida.