Shaidar Ƙwarewa: Daga Allon Zayyana Zuwa Wayar Hannu

Shaidar ƙwarewa alama ce da ake ba mutum domin wanda bai san shi ba ya yarda da iyawarsa. Ba baƙuwar aba ba ce a garin Damri. Yaron da ya sauke Alƙur'ani ana yi masa allon zayyana, a zaga da shi gidajen dangi. Maƙerin da ya shahara ana naɗa masa rawanin Sarkin Maƙera. Sai dai irin wannan shaida iyakarta inda aka san malamin ko mai naɗin. Makanikin da ya goge da gyaran injin ban-ruwa a gonakin Bakolori, ranar da ya nemi aiki a Gusau ko Abuja, takarda za a ce ya kawo.

Masu sana'ar hannu suna da tasu takardar. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwada magina, kafintoci, teloli da masu walda, ta ba su takarda mai daraja uku: a fara da ta uku, a hau zuwa ta ɗaya. Hukumar NBTE da ke Kaduna, mai sa ido kan kwalejojin fasaha irin ta Abdu Gusau a Talata Mafara, tana da tsarin NSQ, inda mai tantancewa ke tsayawa a kan mutum yana aiki, ya ga yadda ya ɗora bulo ko ya kwance inji ya mayar. Wannan ya fi dacewa da wanda ya koyi sana'a a hannun maigida.

Takarda kuwa gara na ci, gobara na lashewa, gudun hijira na sa a bar ta. Shi ya sa shaida ta koma intanet. A 2022 hukumar WAEC ta fara ba ɗalibai takardunsu ta waya. Akwai kuma ƙananan lambobin yabo na intanet, masu ɗauke da sunan hukumar da ta bayar, da ranar bayarwa, da abin da aka gwada.

Hoton takarda da aka turo ta WhatsApp ba ya cikin wannan sahu. Shaidar gaskiya ita ce wadda mai ɗaukar aiki zai bincika a shafin hukumar ya tarar da sunan mai ita. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya samo takarda ba tare da gwaji ba, jabu zai kawo.

Ana kira ga iyaye da iyayen gidan sana'a su tura yaransu gwaji, su kuma tabbatar sunan da ke takardar ya yi daidai da na katin NIN, harafi da harafi.